Gaskiya da Ƙarya Game da Zaɓen Likitan Daidaita Haƙora

Daidaita haƙora reshe ne na likitancin haƙori wanda ke gyara cunkoson haƙora, da fitowarsu waje, da rashin haɗuwar muƙamuƙin sama da na ƙasa, kuma wani likitan Amurka mai suna Edward Angle ne ya kasa waɗannan matsaloli gida uku a 1899, rabon da ake aiki da shi har yau. Yayin da sa wayar haƙori ke ƙara yaɗuwa a biranen Nijeriya, maganganu marasa tushe sun cuɗu da na gaskiya, har suna kai mutane hannun waɗanda ba su san aikin ba.

Mafi haɗari a cikinsu ita ce cewa duk wanda ya iya manna waya zai iya aikin, ko da a shagon kwalliya ne. Wannan ƙarya ce, domin wayar tana matsa haƙori ne a hankali, ƙashin da ke gabansa ya riƙa narkewa, sabo kuma ya riƙa ginuwa a bayansa, saboda haka matsin da ya wuce kima yana iya cinye saiwar haƙori ko ya sa shi girgiɗi. Ƙwararre shi ne likitan haƙori mai rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wanda ya ƙara samun horo na shekaru ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma.

Ana kuma cewa gyaran na yara ne kawai, alhali babba mai lafiyayyen dasashi yana amfana da shi. Inda gaskiyar take shi ne, muƙamuƙin yaro yana karɓar gyara tun yana girma, shi ya sa ƙungiyar ƙwararrun fannin ta Amurka ke ba da shawarar a duba yaro yana ɗan shekara 7, amma karkacewa mai tsanani a babba takan buƙaci tiyata. Haka nan wayar da kanta ba ta ruɓar da haƙori, sai dai dattin abincin da ke maƙalewa a jikinta idan aka yi sakaci da goge baki.

Akwai maganganun da suke gaskiya. Haƙora sukan yi tsami na ’yan kwanaki bayan kowane ɗauri, wani lokaci akan cire haƙori don samar da fili, kuma aikin yakan ɗauki wata 18 zuwa 24. Bayan an cire wayar, haƙora sukan nemi komawa mazauninsu na da, sai an riƙa sa mariƙi, wato wata roba ko siririyar waya da ke tsare su.

Ya kamata mai neman gyara ya tambayi shaidar ƙwarewar likita, ya tabbatar an ɗauki hoton ƙashi kafin a fara, a kuma bayyana masa tsari da tsawon lokaci da kuɗi. Duk wanda ya ƙi amsa waɗannan tambayoyi bai cancanci a damƙa masa baki ba.