Kyanwar Savannah: magen gida mai jinin daji da ta raba kan masu yin doka

A shekarar 2019 mawaƙin nan ɗan ƙasar Kanada, Justin Bieber, ya sayi kyanwoyi biyu a kan dala 35,000, lamarin da ya jawo masa suka daga ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA. Kyanwoyin irin da ake kira Savannah ne, kuma jayayyar da ake yi a kansu ta wuce batun tsada, domin ta kai ga majalisu da ma'aikatun muhalli na ƙasashe da dama.

Asalinta

Savannah ruwa biyu ce. An samo ta ne daga barbarar magen gida da wata kyanwar daji ta Afirka da Turawa ke kira serval, mai dogayen ƙafafu da manyan kunnuwa da ɗige-ɗige baƙaƙe, wadda nauyinta kan kai kilo 18. An haifi ta farko a Amurka a 1986, bayan da wata mai kiwo, Judee Frank, ta haɗa namijin serval da magen gida. Ƙungiyar masu kiwon kyanwa ta duniya, TICA, ta fara yi wa irin rajista a 2001.

Masu kiwo na lissafa zuriyar daki-daki. Wadda ubanta serval ne ita ce F1, wato rabin jininta na daji ne. 'Ya'yanta su ne F2, jikokinta F3. Duk yadda lambar ta ƙaru, jinin daji na raguwa, haka ma farashi.

Abin da ke sa ta tsada

Samun F1 abu ne mai wuya. Serval ta fi magen gida daɗewa da ciki da kimanin kwana goma, don haka 'ya'yan da magen gida ta haifa wa serval kan zo bakwaini, wasu ma ba sa rayuwa. Bambancin girma kuma na jefa magen cikin haɗari lokacin barbara. Bugu da ƙari, mazan zuriyoyin farko ba sa haihuwa. Wannan ne ya sa dole masu kiwo su ci gaba da tsare serval a keji, dabbar da a daji take farauta a fili mai faɗin gaske.

Mai saye ma yana da nasa nauyin. Savannah na da tsalle da ƙarfi da son farauta, kuma ta kusa da daji kan ƙi sabawa da zaman ɗaki. Idan ta gagari mai ita, sau da yawa gidajen ceton dabbobi ne ke karɓar ta.

Inda doka ta ja layi

Kowace hukuma da inda ta ga daji ya ƙare. Ostireliya ta haramta shigo da ita baki ɗaya a 2008, ƙarƙashin ministan muhalli Peter Garrett. Dalilinta shi ne kyanwoyin da suka koma daji sun riga sun taimaka wajen ɓacewar nau'o'in dabbobi masu shayarwa fiye da 20 a ƙasar, kuma jinin serval zai iya samar da mafarauciya mafi girma. A Birtaniya, mai son ajiye F1 sai ya nemi lasisi bisa dokar dabbobin daji masu haɗari ta 1976, amma zuriyoyin baya ba sa buƙatarsa. A Amurka, jihar Hawai da birnin New York sun hana ta, alhali jihar New York ta amince da F5 zuwa ƙasa.

Magoya bayan irin na cewa zuriyoyin baya ba su da bambanci da kowace mage, don haka haramci na bai-ɗaya zalunci ne ga masu kiwo. Masu adawa kuwa na cewa babu F5 sai an fara da F1, kuma kowace F1 na nufin akwai serval a cikin keji. Dokar da ta halatta jikoki ta hana kakanni ba ta warware wannan ba, domin kasuwar jikokin ce ke biyan kuɗin tsare kakannin.