Sauri Ya Haifi Nawa: Labarin Sandar Wasa Da Tsofaffin Kwamfutoci

A shekarar 1981 kamfanin IBM na ƙasar Amurka ya fito da kwamfutarsa ta IBM PC, wadda ƙwaƙwalwarta ke bugawa sau miliyan 4.77 a cikin sakan guda. Daga cikin kayan da ake iya haɗa mata akwai sandar wasa, watau wata 'yar sanda da ake karkatawa hagu ko dama, gaba ko baya, domin sarrafa abin da ke motsi a fuskar allo. To, ta yaya na'urar ke gane inda aka karkata sandar?

Amsar ita ce, ta hanyar auna lokaci. A gindin sandar akwai wani abu mai rage ƙarfin gudun lantarki, irin wanda ke bayan maɓallin ƙara sautin rediyo. Lantarkin da ya ratsa shi yana taruwa a wani ɗan rumbu da ake kira kafasita. Idan sandar na wani gefe, rumbun kan cika cikin kimanin kashi 24 daga miliyan na sakan. Idan tana ɗaya gefen, sai ya ɗauki fiye da kashi 1,000. Saboda haka tsawon lokacin cikar shi ke nuna matsayin sandar.

Masu rubuta manhaja da yawa sun bi hanya mafi sauƙi. Sai su umarci kwamfuta ta yi ta ƙirge, ɗaya, biyu, uku, tana leƙa rumbun, har ya cika. Wannan tamkar mutum ne ya auna dahuwar ƙwai da bugun zuciyarsa. Muddin yana zaune, awon zai yi daidai. Amma da zarar ya yi gudu zuciyar ta ƙara sauri, lissafi ya rushe, alhali ƙwan bai sauya ba.

Haka kuwa aka yi. A 1984 IBM ya fito da PC/AT mai bugu miliyan 6, a 1986 kuma Compaq ya kawo mai miliyan 16. Sababbin na'urorin sun riƙa kai ƙirge nesa kafin rumbu ya cika, sai manhaja ta zaci an karkata sandar alhali tana tsaye a tsakiya. Wasannin da aka ɗora tafiyarsu bisa irin wannan ƙirge suka riƙa gudu fiye da yadda hannu zai iya bi. Dalili ke nan da ya sa masu ƙera kwamfuta suka sanya maɓallin Turbo, wanda ke ba da damar rage saurin na'ura domin tsofaffin manhajoji.

Magani na haƙiƙa yana cikin na'urar tun farko: wani agogo mai suna Intel 8253, da ke bugawa sau 1,193,182 a sakan, kome saurin ƙwaƙwalwa. Manhajar da ta dogara da shi takan ba da awo ɗaya a tsohuwar na'ura da sabuwa. Bayan fitowar USB a 1996, sannu a hankali aikin awon ya koma cikin sandar kanta, tana aika wa kwamfuta lamba kammalalliya.

Ɗalibin da ke ƙirga bugun jijiya ko tsiron iri a ɗakin gwaji, yana da darasi a nan: kafin ya amince da sakamako, ya fara tambayar ko ma'auninsa na sauyawa tare da abin da yake aunawa.