Muhawarar 'yan takara: wa ke yi wa Zango tafinta?

A watan Nuwamban 2012 na fara aikin tafinta, ba don na shirya ba. Mun fito da talabijin tsakar gidanmu, nan bayan fadar Manhyia a Kumasi, domin kallon muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa da cibiyar IEA ta shirya a Accra. Mutum huɗu ne a tsaye: John Mahama, Nana Akufo-Addo, Abu Sakara da Hassan Ayariga. A shekarar ce karon farko da shugaba mai ci ya shiga irin wannan muhawara a Ghana.

Baba tela ne, yana jin Hausa da Asantanci kamar ruwa, amma Turancin 'yan boko sai tsinta-tsinta. Duk wanda ya buɗe baki sai ya taɓa ni: "Kai, me ya ce kan kuɗin makaranta?" Ba tambayar banza ba ce. Ƙanwata na dab da shiga sakandare, kuma alkawarin Akufo-Addo na karatun sakandare kyauta shi ne babban abin jayayya a lokacin.

Washegari na zaga Aboabo da Asawase. A majalisun shayi ba wanda ya tambaye ni batun makaranta. Zancen kowa shi ne tarin da ya sarƙe Ayariga ana tsakiyar magana. Tari ba ya bukatar tafinta, shi ya sa ya riga manufofi isowa Zango.

Tun daga nan manyan 'yan takarar NDC da NPP ba su sake haɗuwa a dandali ɗaya ba. A 2016 Mahama ya je muhawarar gidan GBC, Akufo-Addo bai je ba. A 2020 shiru. A 2024 Mahamudu Bawumia ya yi ta ƙalubalantar Mahama, shi kuwa ya ƙi, kuma ya lashe zaɓen 7 ga Disamba.

To me ya rage mana? Guntayen bidiyo a WhatsApp, wanda ya yanko shi ya san abin da ya zubar, sai kuma rediyo. GBC ta daɗe tana labarai da Hausa, Zuria FM na nan Kumasi. Nauyi ya dawo kansu. An kafa Asusun Raya Zango da dokar 2017. Wa zai zaunar da ɗan takara ya tambaye shi da Hausa, kai tsaye, wace kwata aka gyara, wace makaranta aka gina?

Sakandare kyauta ta fara a Satumban 2017, bayan ƙanwata ta gama. Keken ɗinkin Baba ne ya biya. Har yau in zaɓe ya matso yakan ce mini: "In sun tashi muhawararsu, su zo su yi da bakin da suke roƙon ƙuri'a da shi."