Bin Sawun Rufaffun Haɗe-haɗe da Share su a Manhajar Na'urar Kwaikwayo

1. Gabatarwa

Manufar wannan ƴar maƙala ita ce bayyana, da harshen Hausa, wata matsala ta fannin sadarwar kwamfuta: yadda manhajar da ke tafiyar da na'urar kwaikwayo take gane cewa wani haɗi tsakanin na'urar da duniyar waje ya ƙare, da kuma yadda take share abin da haɗin ya bari. Dalilai biyu suka sa masu nazarin harshe tsoma baki a nan. Na farko, ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen buɗe zance da rufe shi ƙa'ida ce ta musayar magana, mai sallama da ban kwana, don haka kayan aikinmu na nazarin zance suna taimakawa wajen fahimtarta. Na biyu, ba a sanin ingancin kalmomin fanni daga jerin ƙamus, sai an ɗora musu kaya an ga ko za su kai. Za mu fara da bayanin al'amarin kansa, sa'an nan mu komo ga batun kalmomi a sashe na 6.

2. Baƙo da mai masauki

Abin da muke kira na'urar kwaikwayo, wato machine virtuelle a Faransanci, kwamfuta ce wadda ba ta da jikin kanta. Wata manhaja ce ke kwaikwayon sassanta a cikin kwamfuta ta zahiri, har a ɗora mata babbar manhaja irin su Linux ko Windows, ta yi aiki kamar ita kaɗai ce a ɗaki. Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin IBM ya gwada ta da tsarin CP-40 a 1967, ya fitar da VM/370 a 1972. VMware ta kawo ta ga ƙananan kwamfutoci a 1999, Bafaranshen nan Fabrice Bellard kuma ya fitar da QEMU a 2003. Kwamfutar zahiri muna ce mata mai masauki, ta kwaikwayo kuwa baƙo.

Akwai hanyoyi da dama na sada baƙo da intanet. Mun zaɓi guda, wadda QEMU da VirtualBox suka gada daga Slirp, manhajar da Danny Gasparovski ya rubuta a Ostireliya a 1995 bisa tsarin sadarwa na BSD, wadda aka ware reshenta na QEMU a 2019 da sunan libslirp. A wannan tsari ana ba baƙo adireshin 10.0.2.15, a nuna masa cewa ƙofar fita tana 10.0.2.2. A zahiri babu wata na'ura a wannan adireshi, manhajar ce ke amsawa. Idan baƙo ya nemi wata kwamfuta ta nesa, manhajar takan karɓi buƙatar, ta buɗe haɗi na biyu daga mai masauki kuma da sunan mai masauki. Idan na nesa ya amsa, sai ita ma ta amsa wa baƙo kamar ita ce na nesan. Aikin ya yi kama da na mai gida a zango, wanda fatake ke sauka wurinsa, shi kuwa yake shiga kasuwa a madadinsu.

Ke nan kowane haɗi rabi biyu ne: na ciki, tsakanin baƙo da manhaja, da na waje, tsakanin mai masauki da na nesa. Manhajar tana riƙe da rajista mai layi guda ga kowane haɗi. A layin akwai adireshi da lambar ƙofa na kowane ɓangare, da halin da haɗin ke ciki, da ma'ajiyar saƙon da bai ƙarasa wucewa ba, da wata lamba da babbar manhajar mai masauki ke bayarwa don riƙe haɗin waje, wadda muka raɗa wa suna mariƙi. Tambayarmu ita ce: yaushe ya halatta a goge wannan layi?

3. Ban kwana a ƙa'idar TCP

Schegloff da Sacks (1973) sun nuna cewa daina magana ba shi ne rufe zance ba. Matsalar masu zance ita ce su kai tare ga gaɓar da shirun ɗaya ba zai ƙara zama shiru a cikin zancen ba, kuma ba a kai wa nan sai da yardar ɓangarorin biyu. Mu duba wannan misali:

(1) A: To, ni dai iyakar abin da ya kawo ni ke nan.
B: To, na ji. Ka gaya wa Malam ina nan tafe jibi.
B: Ni ma shi ke nan, sai an jima.
A: To, madalla.

Ƙa'idar TCP, wadda aka bayyana a takardar RFC 793 ta Satumba 1981 ƙarƙashin kulawar Jon Postel, aka kuma sabunta da RFC 9293 a Agusta 2022, tana rufe haɗi da taki huɗu irin waɗannan:

(2) A: FIN, na gama aikowa.
B: ACK, na ji.
B: FIN, ni ma na gama.
A: ACK, na ji.

Mu lura da abu biyu. Na farko, FIN na A bai hana B ci gaba da aikowa ba, kamar yadda B ya ƙara saƙon Malam a misali na (1). Tsakanin taki na biyu da na uku haɗin a rufe yake ta gefe guda kawai. Halin da B ke ciki a lokacin sunansa CLOSE-WAIT, kuma ƙa'ida ba ta sa masa wa'adi ba: yana nan har sai shirin da ke amfani da haɗin ya ce ya gama. Na biyu, bayan taki na huɗu A ba ya tashi nan take. Yakan zauna cikin halin TIME-WAIT, don in ACK na ƙarshe ya ɓace a hanya ya samu damar maimaita shi, don kuma ƙunshin saƙon da ya makara kada ya faɗa cikin wani sabon haɗi mai lambobi iri ɗaya. RFC 793 ta ƙiyasta iyakar rayuwar ƙunshi da minti 2, ta ce a jira ninki biyu, wato minti 4. Linux ya taƙaita jiran zuwa sakan 60.

Akwai kuma fita ba ban kwana, ita ce alamar RST. Wanda ya karɓe ta yakan watsar da haɗin nan take, har da saƙon da ke jiran tafiya.

4. Inda layi ke maƙalewa

Da yake haɗin baƙo rabi biyu ne, dole manhajar ta riƙa kai ban kwana daga wannan rabi zuwa wancan. Idan na nesa ya gama, sai ta ƙarasa miƙa wa baƙo abin da ya rage a ma'ajiya kafin ta aika masa FIN. Idan baƙo ne ya gama, sai ta rufe gefen aikawa na haɗin waje, ta bar gefen karɓa a buɗe. Ba ta goge layi sai rabin biyu sun ƙare. Ga wuraren da wannan tsari ke cijewa:

(a) Baƙo ya ɓace. Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana. Ana iya kashe na'urar kwaikwayo ko a sake kunna ta farat ɗaya, ba ta aika FIN ba. Rabin waje kuwa yana nan a buɗe, na nesa bai san komai ba.

(b) Baƙo ya yi barci. Ana iya dakatar da shi, ko a adana hotonsa a maido bayan mako. Yakan farka da rajistar da ke cewa haɗe-haɗensa na nan, alhali na nesa ya daɗe da mantawa da su.

(c) Na nesa ya ɓace, ko hanya ta yanke. A TCP haɗin da ba a aika komai a kansa ba ya bambanta da haɗin da abokin zancensa ya mutu, dukansu shiru ne.

(d) Shirin da ke cikin baƙo ya karɓi FIN amma bai rufe nasa gefe ba, haɗi ya dawwama a CLOSE-WAIT.

(e) Ƙa'idar UDP, wadda akan bi wajen tambayar adireshin suna, ba ta da ban kwana sam. Duk da haka sai manhajar ta buɗe layi don ta san wanda za ta kai wa amsa.

Illar wannan taruwa ta lissafi ce. A yawancin tsare-tsaren Linux, shiri guda ba ya wuce mariƙi 1,024 sai an ɗaga masa iyaka. In ana asarar mariƙi guda a minti, cikin kimanin awa 17 sun ƙare, daga nan baƙo ba zai ƙara buɗe haɗi ba, ko da intanet lafiya lau take. Haka lambobin ƙofa: Linux yakan ɗebi na wucin gadi daga 32768 zuwa 60999, wato guda 28,232. In kowace sai ta yi jiran sakan 60, ba za a wuce sababbin haɗe-haɗe kimanin 470 a sakan ba zuwa ga ƙofa guda ta kwamfuta guda. Abin da ya sa matsalar ke da wuyar ganewa shi ne alamar tana bayyana a wurin baƙo, cutar kuwa tana wurin mai masauki. Mai bincike sai ya duba ɓangarorin biyu: umurnin ss yana nuna haɗe-haɗen Linux da halin kowane, umurnin info usernet na QEMU kuma yana nuna rajistar da ke tsakani.

5. Hanyoyin shara

Hanya ta farko ita ce bin alama. Manhajar tana kewaya haɗe-haɗenta a kai a kai tana tambayar babbar manhaja wanne ne ke da labari. Karatun da ya dawo da sifiri yana nufin na nesa ya gama. Kuskure kuwa, ko RST, yana nufin an katse. Wannan ita ce hanya mafi tabbas, amma ba ta amfani sai in alamar ta iso.

Ta biyu ita ce sa wa'adi. libslirp tana goge layin UDP bayan minti 4 na shiru, na tambayar suna kuwa bayan sakan 10. Idan zirga-zirgar baƙo ta rajistar conntrack ta Linux take bi, haɗin TCP da ya kafu yana da wa'adin sakan 432,000, wato kwana 5, TIME-WAIT kuma sakan 120. Gajeren wa'adi yana kashe haɗi mai rai wanda ya yi shiru ne kawai, dogon wa'adi yana cika rajista da matattu. Shi ya sa RFC 5382 ta 2008 ta ce na'urar da ke sauya adireshi kada ta watsar da kafaffen haɗi kafin awa 2 da minti 4.

Wannan adadi ya fito ne daga hanya ta uku, wato zunguri. Masu nazarin harshe sun san abin da Jakobson (1960) ya kira fonction phatique, maganar da ba ta ɗauke da labari sai dai tabbatar da cewa hanya na buɗe, irin "Alo, kana ji na?" a talho. TCP na da irinta. RFC 1122 ta 1989 ta yarda a aika ƙunshin gwaji, amma ta ce jiran da aka tsara tun asali kada ya gaza awa 2. Linux yakan jira sakan 7,200, ya yi gwaji 9 da tazarar sakan 75, in ba amsa ya ɗauka haɗin ya mutu. Ƙarin minti 4 na RFC 5382 sarari ne don gwajin ya je ya dawo kafin a goge layi.

Gogewar kanta tana da haɗari. Layukan rajistar sarƙe suke, kowane yana ɗauke da adireshin na gaba da shi. In aka goge layi ana cikin kewaye kafin a karanta wannan adireshi, an rasa hanya; don haka libslirp takan ɗauki na gaba ta ajiye tukuna. Mafi muni shi ne a mayar da gurbin layi ga ma'adanar kwamfuta alhali wani sashe na manhajar na ci gaba da nuni gare shi. Gurbin yakan koma hannun wani aiki, tsohon nunin ya yi rubutu a kansa. Da yake wannan manhaja a gefen mai masauki take aiki, baƙo mai mugun nufi na iya amfani da irin wannan aibi ya kayar da ita. An gano aibu biyu na wannan nau'i a libslirp a 2019 da 2020, a sashen da ke harhaɗa gutsattsarin ƙunshi, an kuma gyara su. Saboda haka tsari mai aminci shi ne: a sa wa layi alamar mutuwa, a cire shi daga duk jerin da yake ciki, a saki mariƙinsa sau ɗaya tak, sa'an nan a mayar da gurbinsa.

6. Batun kalmomi

A wurare biyu Hausa ta sauƙaƙa bayani. A Faransanci kalmar hôte tana nufin mai saukar da baƙo, tana kuma nufin baƙon, shi ya sa masana suka koma ga invité don na biyu. Hausa ta riga ta raba baƙo da mai masauki.

Wuri na biyu shi ne azuzuwan fi'ili, bisa rabon Parsons (1960). Mu duba:

(3) a. Baƙo ya rufe haɗi. (aji 4: aiki da mai yinsa)
b. Haɗi ya rufu. (aji 7: aiki ya kammala a kan abin)
c. An rufe haɗi amma bai rufu ba.

Kamar yadda "nama ya dafu" ya fi "an dafa nama" nuna kammala, haka (3b) ta dace da ƙarshen taki huɗu, (3c) kuwa ta faɗi halin rabin rufewa cikin ƴan kalmomi, ba tare da aro ba. Don haka muke ba da shawarar a keɓe rufewa ga aika FIN, rufuwa ga kammalar ban kwana, katsewa ga RST, cikar wa'adi ga hanya ta biyu, sharewa kuma ga goge layi da sakin mariƙi. Sunayen halaye irin su TIME-WAIT mun bar su yadda suke, domin haka ɗalibi zai gan su a allon kwamfuta. Mun kuma guje wa kalmar daƙiƙa, tun da wasu na nufin minti da ita, wasu sakan.

7. Kammalawa

Mun ga cewa rufuwar haɗi da sharewarsa abubuwa biyu ne, kuma manhajar na'urar kwaikwayo tana tsaye tsakanin zance biyu, ba ta da tabbacin ƙarewar ko wanne sai da alama. In alama ba ta zo ba, sai ta yi hukunci da wa'adi ko da zunguri. Kalmar mariƙi da ta na'urar kwaikwayo su ne muka fi son jin ra'ayin abokan aiki a kansu, musamman masu koyar da ilimin kwamfuta, domin kalma ta biyu tana iya sa mai karatu ya zaci na'urar ba ta aikin gaske. Muna fata a gwada wannan jeri a aji, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, a ga wanda ɗalibai suka riƙe da wanda suka yar.