Tabaran Shiga Cikin Fim: Yadda Gaggawar 'Yan Kasuwa Ta Kusa Kashe Shi

Masu karatu, kun san tabaran nan na VR da mutum zai ɗaura a fuska ya ga kamar ya faɗa cikin fim? To, ɗan fim ne ya fara share masa hanya. Sunansa Morton Heilig, mai ɗaukar hoto a Amurka. A 1962 ya yi rajistar wata na'ura mai suna Sensorama. Za ka zauna ka cusa kanka ciki, sai ka gan ka a kan babur a titunan Brooklyn, kujera na girgiza, iska na kaɗa ka, har ƙamshin gari kana ji. Ya nemi masu zuba kuɗi, bai samu ba.

Daga nan sai harkar ta koma hannun masu bincike. A 1968 Ivan Sutherland ya haɗa wani tabarau a jami'ar Harvard, wanda sai da aka rataye shi daga rufin ɗaki. Hukumar NASA ma ta shiga ciki wajen 1985. Su waɗannan mutane damuwarsu ɗaya ce: in ka juya kai, hoton yakan makara kafin ya biyo ka. Ido na faɗin abu ɗaya, jiki na faɗin wani, sai jiri da tashin zuciya. A ganinsu, sai an gyara wannan tukuna.

Su kuwa 'yan kasuwa ina suka ga ta jira! Kamfanin VPL na Jaron Lanier yana da wani safar hannu mai tsada da ake sarrafa kwamfuta da shi. A 1989 kamfanin Mattel ya fito da samfurinsa mai araha, Power Glove, don wasan Nintendo. Yara suka saya, abu ya ƙi jin magana.

Sai kuma Hollywood ta ƙara wa wutar fetur. A 1992 aka saki *The Lawnmower Man*, wanda Pierce Brosnan ya fito a ciki, inda tabarau ya mai da wani dolo mai yankan ciyawa gagarumin hatsabibi. 'Yan kallo suka ɗauka haka abin yake. Sega ta yi tallar nata tabaran a 1993, bai taɓa shiga kasuwa ba. Nintendo ta saki Virtual Boy a 1995, hoto ja da baƙi kawai, mutane na ta kukan ciwon kai, a 1996 aka daina yin sa. Gaskiya wannan kam an ci kuɗin jama'a.

Abin takaicin, a 1995 ɗin nan ne Barbara Rothbaum da Larry Hodges a Atlanta suka nuna cewa ana iya rage wa mutum tsoron hawa wuri mai tsawo da wannan tabarau. Amma masu kuɗi sun riga sun juya baya. Ba su dawo da ƙarfi ba sai 2014, lokacin da Facebook ya sayi kamfanin Oculus a kan kusan dala biliyan 2.