Zubin Haruffa da Tasirinsa a kan Fahimta da Riƙe Karatu

1.0 Gabatarwa

Zubin haruffa na nufin siffar da ake ba haruffa a wurin ɗab'i, wato girmansu da kaurinsu da tazarar da ke tsakaninsu. Sau da yawa malami kan mayar da hankali ga abin da littafi ya ƙunsa, ya manta cewa sai ido ya tantance harafi kafin ƙwaƙwalwa ta kai ga ma'ana.

2.0 Misali daga Bata

Bata, wadda ke tsakanin Fagge da Sabon Gari a Kano, ta yi fice wajen sayar da littattafan Hausa, musamman ƙagaggun labaran da suka bunƙasa tun daga shekarun 1980, waɗanda wasu manazarta suka kira Adabin Kasuwar Kano. Yawancin marubutansu da kuɗinsu suka buga su, don haka akan ƙanƙanta haruffa a kuma matse layuka domin tattalin takarda. Haka kuma an buga da dama daga cikinsu ba tare da baƙaƙe masu lanƙwasa ba, wato ɓ da ɗ da ƙ, duk da cewa sun shiga rubutun boko tun a shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East yake jagorantar aikin talifi a Zariya.

Idan aka yar da lanƙwasa, "baƙi" ya koma "baki", "faɗa" ya koma "fada", "ƙafa" kuma ta koma "kafa". Gogaggen mai karatu yakan gano abin da ake nufi daga sauran jimla. Amma ɗalibin firamare sai ya tsaya ya yi canki-canka, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya kuɓuce masa, domin abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda taƙaitacce ne.

3.0 Abin da Bincike ya Nuna

A shekarar 2011, Diemand-Yauman da Oppenheimer da Vaughan sun wallafa wani bincike a Amurka wanda ya nuna cewa ɗaliban da suka karanta rubutu mai ɗan wahalar gani sun fi takwarorinsu tuna abin da suka karanta. Hujjar da aka kawo ita ce, abin da aka sha wuya a kansa ya fi zama a zuciya. A kan wannan ra'ayi ne Jami'ar RMIT ta Ostireliya ta fito da zubin haruffa mai suna Sans Forgetica a 2018. Sai dai nazarce-nazarcen da suka biyo baya ba su tabbatar da wannan da'awa ba, gwaje-gwajen da aka wallafa a 2020 ma ba su sami wani fifiko ga Sans Forgetica ba.

A ɗaya ɓangaren, Rhodes da Castel sun gano a 2008 cewa mutane kan zaci za su fi tuna kalmomin da aka rubuta da manyan haruffa, alhali da aka gwada su ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba. Ke nan rubutu mai sauƙin gani yana buɗe ƙofar fahimta ne kawai, ba shi ke dasa karatu a ƙwaƙwalwa ba.

4.0 Kammalawa

Ya wajaba malami ya duba zubin littafi kafin ya umarci iyaye su saya, ya tabbatar haruffansa sun fito sarai, da tazara tsakanin layuka, da cikakkun baƙaƙe masu lanƙwasa. A kan allo ma ya fitar da lanƙwasar yadda na bayan aji zai hango ta. Wahalar da ke amfanar ɗalibi kuwa ita ce ta a rufe littafi a tambaye shi abin da ya karanta, sannan a sake waiwayar darasin bayan 'yan kwanaki.