Samarin Cikin Fim da Samarin Gidanmu

A zamanin iyayenmu, mai son kallon fim sai ya jira dare ya tafi gidan sinima, ko kuwa ya jira motar majigi ta zo gari. Yanzu sinima ta shigo har ɗaki, tana cikin aljihun yaro ɗan shekara 14. Saboda haka ya kamata mu tambayi kanmu, wane irin saurayi, wace irin budurwa ake nuna mana a ciki?

Tun kafin a fara yin namu, finafinan Indiya sun daɗe da samun karɓuwa a ƙasar Hausa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafta shi na farko a kaset ɗin bidiyo. Da Sangaya ya fito a 1999 ya yi kasuwa ƙwarai, sai masu shiryawa suka ga inda riba take, wato soyayya da waƙa da rawa. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai. Amma hukuma tana iya yanke abin da bai dace ba, ba ta iya sa wa fim gaskiyar da babu ita a ciki.

In mun lura, yawancin samarin fim iri biyu ne. Na ɗaya ɗan mai kuɗi ne, ba shi da aiki sai mota da zance. Na biyu ɗan daba ne, da wuƙa da kayan maye. Budurwa kuwa, ko tana kukan auren dole, ko tana kwaɗayin mai kuɗi. Yaro Kirista mai jin Hausa ma da wuya a gan shi.

Ba mu ce babu irin waɗannan ba. A nan Katsina mun san ɓarnar ƙauraye. Amma ina yarinyar da take taya uwarta suyar ƙosai da asuba, sa'an nan ta tafi makaranta? Ina yaron da yake koyon ɗinki ko gyaran waya a kasuwa domin ya biya kuɗin jarrabawa? Su ne suka fi yawa, sai dai labarinsu ba ya sayuwa.

Kullum muna tsoron kada yaranmu su kwaikwayi fim. Akwai wani haɗari kuma da ba mu cika ambata ba: mu manya mu fara duban 'ya'yanmu da idon fim. Yaro ya makara a hanya, mun ce ya shiga banza. Yarinya ta yi dariya da waya a hannu, mun yanke mata hukunci. Wanda kuwa ake zarginsa kullum, wata rana zai daina faɗa mana kome.

Mu tuna da Dawuda. Da ya kai wa 'yan'uwansa abinci a bakin dāga, wansa Eliyab ya zarge shi da girmankai, ya ce kallo kawai ya kawo shi. Ashe ta hannun yaron nan ne Ubangiji zai ceci Isra'ila.

Ya ku iyaye, hana kallo kaɗai ba zai isa ba. Mu zauna mu kalla tare da su. In an gama mu tambaye su, "Ka san wani mai irin wannan hali a ajinku? Ina yaron nan ya sami kuɗin mota?" Mu saurari amsarsu da haƙuri. Allah ya ba mu hikimar sanin 'ya'yan da ya danƙa mana amana. Amin.